Man Shafawa da Alwalar Auta

Da sunan Allah, wanda ya saukar da ruwa ya sanya shi abin sha da abin tsarki, ya kuma sauƙaƙa wa bayinsa hanyar tsayuwa a gabansa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da iyalan gidansa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa.

Zuwa ga ƙanwata, Autar ɗakinmu, wadda ni da ita kaɗai muka rage cikin masu tuna muryar mahaifiyarmu. Aminci da rahamar Allah da albarkarsa su tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa mai tsawo, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki cikin rangwame, ya ƙara miki lafiya, ya shirya miki zuriya, ya sa mu gama da duniya lafiya. Mu nan muna cikin alherin Allah. Gwiwata ta dama tana nan da halinta, amma har yanzu tana bari in yi farilla a tsaye, ba ni kuwa da abin da zan nema a wurinta fiye da haka. Matar yayanki ta rabu da tarin da ya dame ta, ta koma faɗan da ta saba yi mini a kan littattafan da nake barin su a kan tabarma. Ɗalibai suna zuwa da safe kamar kullum. Rufin zauren karatu da yake yoyo an gyara shi, yanzu ba sai mun ja allo da littafi gefe guda ba idan hadari ya haɗo.

Bayan haka, ga dalilin rubutuna. Babban ɗanki ya kira ni a waya, ya faɗa mini abin da ke kika ɓoye mini, kada kuma ki yi masa faɗa, domin ya yi abin da ɗa nagari yake yi. Ya ce likita ya rubuta miki wani man shafawa saboda bushewar fata da kaushin da suka daɗe suna cin hannuwanki, kin yi ta shafawa, hannu ya yi laushi har kina iya zura zare a allura. Sai ranar nan jikarki, wadda take ajin kimiyya, ta ɗauki kwalbar ta karanta miki abubuwan da aka haɗa, ta ce abin da ya ba man kaurinsa wani sinadari ne da ake ƙerawa a masana'anta, dangi ne ga roba da leda. Daga jin haka kika ajiye man. Kika ƙudurta cewa tun ranar da kika fara shafa shi leda ce kike lulluɓa wa gaɓoɓinki, ruwa bai taɓa fatarki ba, alwalarki ba ta yi ba, sallolinki kuma duk bashi ne a kanki. Ya ce yanzu kafin kowace alwala sai kin dirje hannu da soso da sabulu, fata ta tsage har tana tsattsafo da jini, kina ɓoye hannuwan a cikin hijabi idan yara sun shigo. Ya ce bayan kowace farilla kina jera ramuwa har ƙafafunki su kumbura.

Na kira ki a ranar, kika ce mini lafiya lau. Da na taɓo maganar, na ce ban ga abin da ya ɓata miki salla ba, sai kika ce kin san halin yayanki, tausayinki ne zai sa in sassauta miki, ba hujja ba. Auta, maganar nan ta zauna mini a zuciya, kuma da na yi tunani sai na ga kin fi ni gaskiya. Na amsa miki ne alhali ban taɓa ganin sinadarin ba, ban san daga ina yake ba, ban san abin da yake yi idan ya haɗu da ruwa ba. Malamanmu sun hore mu da cewa kada mutum ya yanke hukunci a kan abu sai ya san abin da idonsa ko ta bakin masaninsa. Saboda haka na tashi nema. Abin da zan rubuta miki yanzu abin da na gani ne da abin da na jiyo daga masu sana'ar, na kuma zaɓi takarda a kan waya domin ki sa a karanta miki sau nawa kika so.

Na fara da gida. Kin san 'yata ta tsakiya, wadda yara suka laƙaba wa Mai Sabulu, ta daɗe tana haɗa sabulun ruwa da man gashi da na shafawa a ɗakin baya na gidan mijinta. Da na karanta mata sunan da ɗanki ya turo mini hotonsa daga jikin kwalbar, sai ta ce ai kaboma ne, tana da shi a cikin gwangwani, in zo in gani. Ban taɓa shiga ɗakin ba sai ranar. Tebur ne dogo da aka shimfiɗa wa farin mayafi, da ƙaramin ma'auni mai nuna lambobi, da kwanonin silba, da kwalabe a jere kowace da murfinta, taga kuwa a buɗe take. Kafin ta buɗe gwangwanin sai da ta ɗaura mini takunkumi a hanci, tana cewa gemun Baba ya fi ƙarfin abin, sai dai a yi maleji. Ta ce garin ba guba ba ne, amma yana da sauƙin tashi, kuma idan ya shiga hanci ko ido yana sa tari da ƙaiƙayi, shi ya sa mai haɗawa yake kare kansa, mai shafawa kuwa ba ruwansa da wannan, tunda shi ba ya haɗuwa da garin.

Gari ne fari tas, mara nauyi, numfashin mutum ma yana iya kora shi. Ta auna ɗan kaɗan, abin da bai cika bakin cokalin shayi ba, ta riƙa barbaɗa shi a kan ruwa cikin kwano tana juyawa, ta ce idan aka zuba shi gaba ɗaya ƙullewa yake yi gudaji gudaji. Muka bar shi ya sha ruwa muna hira. Daga nan ta ɗiga wani ruwa da ta ce aikinsa kashe tsamin haɗin, kamar yadda kanwa take yi a girki. Ina kallo, Auta, ruwan da yake kaɗawa a kwano ya tsaya cak, ya zama garau kamar gilashi, ta kafa cokali a tsakiya ya tsaya da kansa. Na yi tasbihi. Ta ce abin da nake gani kusan dukkansa ruwa ne, garin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, aikinsa kawai ya sha ruwa ya kumbura ya riƙe shi, domin mai kada ya tsiyaye daga tafin hannu, kuma maiƙo da ruwan da aka haɗa kada su rabu a cikin kwalba. Sannan ta ce in kawo hannu. Ta ɗora mini ɗan kaɗan a tafi, ta barbaɗa gishirin girki a kai, nan take kaurin ya karye, abin ya koma ruwa ya bi tsakanin yatsuna. Ta ce haka yake yi a jikin mutum, gishirin gumi yana sassauta shi, shi ya sa yake narkewa da zarar an shafa. Ta ƙara da cewa in gaya wa Gwaggo, da leda ce, da gishiri bai yi mata komai ba.

Na dawo gida ina juya abin. Abubuwan da muka sani suna tare ruwa, kamar kaki da fenti da kwalta, dukkansu abokan gaban ruwa ne, yana zuwa suke ture shi. Wannan kuwa ba shi da wani aiki a duniya sai shan ruwa. Zumuntarsa da roba irin zumuntar da ke tsakanin gishiri da dutse ce, duka daga ƙasa suke, amma jefa su cikin tulu ki ga wanda zai rage. Duk da haka na san ƙanwata, na san za ki ce wancan a kwano ne, ke kuwa a fata kike tambaya. Don haka na aika aka sayo mini irin man naki sak, kamfani ɗaya, kwalba ɗaya, na ƙudurta in gwada shi a jikina.

Da hantsi, bayan ɗalibai sun watse, na naɗe hannun riga, na ɗauki alƙalami da tawadar da nake yi wa yara rubutu, wadda ruwa yake wanke ta. Na ja layi uku a damtsena na hagu, layuka kawai, ban rubuta harafi ba, tunda abin wankewa ne a makwarara. Da suka bushe, na ɗora man naki a kan na farko, da kauri fiye da yadda ke za ki shafa. Na biyu na rufe shi da tsantsar haɗin da Mai Sabulu ta ba ni. Na uku kuwa, domin in sami abin kwatantawa, na ari jan farce a wurin amaryata, wato jikata 'yar autan gidan nan, na shafe shi da shi. Na zauna ina duba littafi har komai ya bushe ƙarau. Sannan na ɗauki buta, na zuba ruwa, na cuɗa sau ɗaya kamar yadda muke yi a alwala, ban ƙara ba. Wurin ya yi santsi, sai ga tawada tana gangarowa baƙa zuwa gwiwar hannu. Layi na farko ya tafi, na biyu ya tafi. Na uku yana nan a ƙarƙashin jan farce, ko gezau, ruwa yana bi ta kansa yana wucewa. Ruwan da ya isa ga tawada ya isa ga fata, domin tawadar a kan fata take. Wannan shi ne abin da idona ya gani.

Sai dai ban yi lissafin abin da zai biyo baya ba. Ina cikin murna na ɗaga kai na ga inuwa ta fara gajarta, azahar ta kusa, ni ne kuma zan ja jama'a, ga shi da hannuna na ɗora wa gaɓar alwalata shamaki na gaskiya. Na kankara da farce, na goga da sabulu, abin ya ƙi. Na nemi ruwan da ake goge shi, amaryata ta kawo kwalba babu komai a ciki, ta ce ai ango bai gaya mata kwalliya zai yi ba, da ta tanada. Matar yayanki kuwa dariya ta hana ta tashi daga kujera, ta ce tun aurenmu take fama da ni in shafa mai a ƙafa na ƙi, yau ga shi na tsallake mai na kama jan farce. Haka na sauke hannun riga, na ɗauki sanda, na nufi kemis ɗin bakin titi ina amsa gaisuwar mutane da hannu ɗaya. Mai kemis ɗin, wanda ya yi karatun haɗa magunguna kuma yake salla a bayana, ya goge mini da auduga da wani ruwa mai warin gaske, yana danne dariya, ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa cire wa liman jan farce ba. Na isa masallaci ladan yana ta waige. Na ba ki wannan labari ne domin ki yi dariya, kuma domin ki san cewa a wuni guda na ɗanɗana duka biyun a fatata: na san yadda abin da yake tare ruwa yake, na kuma san man naki ba shi ba ne.

Bayan la'asar na koma wurin mai kemis, na zauna a benci tsakanin kantocin magani, na yi masa tambayoyi irin na ɗalibi. Na tambaye shi asalin sinadarin, ko akwai kitse ko ƙashi ko fatar wata dabba a ciki. Ya ce babu, daga sinadaran da ake samu wajen sarrafa man fetur ake ƙera shi, ba ya bi ta jikin dabba ko kaɗan. Na tambaye shi ko yana shiga jini. Ya ce ƙwayoyinsa sun yi girman da ba za su ratsa lafiyayyar fata ba, a sama yake zama har a wanke shi, kuma masu binciken kayan shafa sun daɗe suna duba shi, sun same shi mara cutarwa a ɗan adadin da ake sakawa. Ya miƙa hannu ya sauko mini da man goge haƙori, da ruwan tsabtace hannu mai kauri, da wani magani da ake ɗiga wa masu bushewar ido, ya nuna mini sunan a jikin kowanne. Ya ce abin da likitoci suka yarda a sa a ido, ba shi ne zai cuci bayan hannu ba. Amma bai ɓoye mini sauran ba. Ya ce a tsohuwar hanyar ƙera shi ana amfani da wani ruwa mai cutarwa wanda ɗan burbushinsa kan rage, shi ya sa masu aikin kirki suka koma wata hanya, shi ya sa kuma ba a son sayen man da ba a san wanda ya haɗa shi ba. Ya ce akwai masu fatar da ba ta jituwa da wani mai, galibi saboda turare ko maganin hana lalacewa da ke ciki, wanda duk ya ga ja ko ƙuraje ya dakata ya nemi likita. Da na kwatanta masa halin da hannuwanki suke ciki, sai fuskarsa ta canza. Ya ce fatar da ta tsage tana jini ƙofa ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta, musamman ga mai shekaru, kada a shafa komai a kan raunin sai likita ya gani, kuma a daina dirza tun yau.

To, ga amsata, ina kuma rubuta ta da sanin cewa za a tambaye ni a kanta. Man nan mai tsarki ne, domin ba a yi shi da najasa ba. Ba ya hana ruwa isa ga fata, domin ruwa yana jiƙa shi, cuɗawar da kika saba yi tun kina yarinya tana kawar da shi. Ɗan maiƙon da kike ji ya rage bayan alwala hukuncinsa hukuncin kowane mai ne da iyayenmu suka shafa suka yi salla, alama ce mara jiki, ba shamaki ba. Alwalarki ta yi, sallolinki sun yi, babu ramuwar ko ɗaya a kanki. Waɗanda kika riga kika rama, ina roƙon Allah ya rubuta miki su a cikin nafiloli, ya ninka ladansu, amma ki tsaya a nan. Tsoron da ya kama ki tsoro ne mai kyau a asalinsa, irin na wanda yake girmama tsayuwa a gaban Ubangijinsa, sai dai waswasi yakan shigo ta wannan ƙofa sanye da rigar taƙawa. Alamarsa ita ce ba ya ƙoshi: yau soso, gobe ya ce soson ma bai isa ba. Jikin nan kuma amana ne a hannunki, ba a neman yardar Allah ta hanyar yayyaga abin da ya ba ki ajiya. Ki bar ɗanki ya kai ki wurin likita a makon nan, idan raunin ya rufe ya ce ki koma ga man, ki koma. Jikarki kuma kada a ga laifinta. Abin da ta karanta gaskiya ne, rabinsa ne dai ta kai gare shi, ki ce mata ni angonta na nan na ƙarasa mata sauran, kuma ina jiran ta zo mu yi gwajin gishiri tare.

Saura abu ɗaya. Na san za ki iya cewa har yanzu yaya ne yake lallashin ƙanwarsa. To ki sani, tun ranar gwajin nan ban fasa shafa man naki ba, kowace safiya, hannu da damtse da ƙafa, har matar yayanki ta ce ta gode wa Auta da ta yi abin da ya gagare ta. A kansa nake alwala, da wannan alwala nake shiga gaba in ja sahu sau biyar a yini, da tsofaffi da matasa a bayana. Kin san ni, zan iya tausaya miki in yi miki magana mai daɗi, amma ba zan ɗauki sallar mutanen unguwa in jefa cikin shakka domin in faranta wa kowa ba, ko da ke ce. Idan taki ba ta yi ba, tawa da tasu ma ba su yi ba, ni kuwa ina kwana da zuciya a sake.

Hannuwan nan naki su ne suka yi jinyar mahaifiyarmu lokacin da ni nake nesa wajen neman karatu, su suka juya ta, suka wanke ta, suka shafa mata mai a baya. Ina da haƙƙi a kansu, kuma ban yafe a ci gaba da azabtar da su ba.

Ki gaishe mini da babban ɗanki da maiɗakinsa, Allah ya saka masa da alheri. Ki gaida 'yarki malamar makaranta da mijinta, da jikarki mai kimiyya da ƙannenta duka, da maƙwabciyarki da take raka ki asibiti. Matar yayanki tana gaishe ki gaisuwa ta musamman. Mai Sabulu tana durƙusawa tana gaida Gwaggonta, amaryata kuma ta ce a gaya miki ta ɓoye jan farcenta inda ba zan gani ba. Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya zuciyarki, ya karɓi ibadarmu, ya jiƙan iyayenmu, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ba na neman doguwar amsa. Idan hannun ya warke, ki ɗauki alƙalami da kanki ki ja mini layi ɗaya a takarda ki aiko, zan gane.

Wassalam. Daga yayanki mai yi miki addu'a a bayan kowace salla.